Yadda Ake Zaɓen Makirufo Don Ɗaukar Gangar Ƙafa

Mu da yawanmu masu haɗa kiɗa da muka taso daga Arewa a kan fiyano da kwamfuta muka koyi aikin, kik ɗinka, wato bugun gangar ƙafa, yana nan a shirye, ka danna kawai ya fito tas babu wata wahala. To amma Legas ba haka take ba, nan gari ne na makaɗa masu buga ganga da hannu da ƙafa, ko ina ka leƙa akwai su, wajen biki, coci-coci, gidajen rawa, kuma in dai ka buɗe ɗan situdiyo a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 wata rana sai wani ya shigo maka da mai ganga da kayansa cikakku ya ce a ɗauka kai tsaye. A nan ne mutum zai gane cewa makirufon da yake ɗaukar muryar mawaƙa da shi, in ya kafa shi gaban babbar gangar nan ta ƙasa da ake takawa da feda, abin da zai fito kamar ana dukan kwali ne. Shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta yadda ake bi a zaɓi wanda zai yi, daki-daki, don kuɗin kayan nan ba wasa ba ne yanzu, kowanne farashinsa dala yake bi.

Kafin komai, kar ka fara da tambayar wanne ne ya fi kyau. Tambayar da zata fisshe ka ita ce wane irin sauti nake so, kuma a ina mutane za su ji waƙar.

Fara da gangar kanta

Ka sa mai gangar ya zauna ya taka, kai kuma ka durƙusa a gabanta kamar taku biyu ka saurara da kunnenka, ba hedifon ba komai. In ka ji tana ƙugi mai tsawo bayan kowane bugu, ko fatar ta saki tana rawa, ko feda tana ƙiiƙii, to wallahi babu makirufon da zai gyara wannan, sai ma ya ƙara fito da shi fili. A ɗaure fatar gaba da ta baya daidai, kowane kusa a juya shi gwargwadon ɗan'uwansa. A sa filo ko bargo a ninke a ciki, ya ɗan taɓa fatar da ake bugu ya ɗan taɓa ta gaba, amma kar a cusa kaya har gangar ta mutu, na sha ganin wanda aka cika da katifa da tsummokara, sai ka ji bugun ya koma "taf" babu ciki ko kaɗan. Feda kuma a ɗiga mata mai.

Ka lura da girmanta. Wadda aka fi samu inci 22 ce, akwai 20, akwai 18 da masu jaz ke so. Ƙaramar ganga ba zata ba ka zurfin babba ba ko me ka sa mata. Sannan ka duba kan sandar da ke dukan fatar, na auduga mai tauri ne ko na roba ko katako, na audugar yana ba da bugu mai laushi, na roba da katako suna fito da "tak" sosai. Wani lokacin juya wannan kan kawai ya isa ya ba ka abin da kake shirin kashe kuɗi a kai.

Abu na ƙarshe a nan, fatar gaba tana da rami ko babu? Yawanci ana yanka rami mai faɗin inci 4 zuwa 5 a gefe don makirufo ya shiga. In babu rami kuma mai gangar bai yarda a yanka ba, kayansa ne, kar ka matsa masa, amma ka san cewa daga waje kawai zaka ɗauka kuma hakan zai shafi zaɓinka.

Sai ka san sautin da kake nema

Bugun gangar ƙafa kashi uku ne a haɗe. Akwai zurfin nan da kake ji a ƙirji, yana zaune wajen 50 zuwa 80 Hz (Hz ma'auni ne na kaurin sauti ko sirantarsa, ƙaramar lamba kauri, babba siriri). Akwai tsakiya, wajen 200 zuwa 500 Hz, wanda in ya yi yawa shi ne yake kawo sautin kwalin nan. Sai kuma "tak" ɗin da sanda ke yi a kan fata, wajen 2 zuwa 5 kHz. Duk makirufon kik da ka gani a kasuwa bambancinsu yadda suke raba waɗannan ukun ne, wani ya ɗaga ƙasa da sama ya danne tsakiya tun daga kamfani, wani kuma ya bar maka gangar yadda Allah ya yi ta.

A nan nake son ɗan'uwa ya tsaya ya yi tunani sosai, saboda masu jin waƙoƙinmu akasari a waya suke ji, ko ƙaramar sifika ta Bluetooth a shago, ko cikin keke da danfo. Sifikar waya ba ta iya fitar da 60 Hz, sam ba ta kai nan. To in ka ɗauki kik mai zurfi zalla babu "tak", a situdiyo zaka ji daɗi ƙasa na girgiza, ka tura wa mai waƙa ta WhatsApp ya kira ka ya ce malam ina gangar take. Don haka in waƙar zamani ce mai bes da yawa da fiyano cike, kana buƙatar makirufo mai fito da "tak" don kik ya ratsa.

Amma in kiɗan afrobit ne na asali ko hailaif, lamarin ya sha bamban. Ka saurari yadda marigayi Tony Allen, ɗan Legas da ya yi wa Fela kiɗa shekara da shekaru, yake taka ganga, ba da ƙarfi yake dukanta ba, sau da yawa bugu biyu ne a jere masu sauƙi, suna tafiya tare da sauran gangunan kamar ana hira. Irin wannan in ka sa masa makirufo mai kaifi da yawa ka ɓata shi, yana son wanda zai bar tsakiyar da ɗumin gangar.

Irin makirufon

Ga mai makirufo ɗaya tak, irin wanda ake kira dainamik zaka nema, mai babban kai, wanda aka yi don ƙananan sautuka. Dalili biyu ne. Na ɗaya ƙarfin sautin da ke cikin gangar yana da yawa ƙwarai, ga kuma iska da ke fita da ƙarfi duk bugu, dainamik yana jurewa. Na biyu ba ya buƙatar wuta, ka soka waya kawai ka fara aiki, kuma yana jure faɗuwa da zafi da damshi fiye da kondensa, irin makirufon nan mai buƙatar wuta da aka fi ɗaukar murya da shi. Ka tabbata mai jin gabansa ne yana ƙin bayansa, wanda ake rubuta wa kadiyod ko sufa-kadiyod, don kar ya kwaso maka sauran ganguna da farantan ƙarfen da mai ganga ke bugawa.

Kondensar murya mai tsada kar ka cusa ta cikin rami. Irin makirufon da ake kira ribon kuwa ko kusa da ramin kar ya je, iskar tana iya yaga ɗan siririn ƙarfen da ke cikinsa.

Yanzu ga waɗanda zaka fi cin karo da su.

AKG D112, mai siffar ƙwai ɗin nan, tun shekarun 1980 yake aiki a situdiyo da dandali, kuma jikan D12 ne da kamfanin ya fitar a 1953. Yana jure ƙarfin sauti sama da 160 dB, yana da ɗan ɗagi wajen 4 kHz, kuma bai kwashe tsakiya gaba ɗaya ba, don haka bugunsa yana da nama. Ni in aka ce in ɗauki guda ɗaya da zan yi aikin kowa da shi, yau afrobit gobe waƙar biki jibi mawaƙan coci, shi zan ɗauka, saboda yana bar maka abin da zaka sarrafa daga baya. Har gitar bes ana ɗauka da shi. Abin lura, mutane suna juya shi baibai saboda siffarsa, gefen da ke da ragar azurfa mai faɗi shi ne gaba.

Shure Beta 52A shi ne zaka fi gani a dandali. Sufa-kadiyod ne, yana kama daga 20 Hz zuwa 10 kHz, ƙasansa cike yake da nauyi, shi ma yana da ɗagi wajen 4 kHz. Jikinsa ƙarfe ne, ko an buge shi ba ya jin komai, ga mai yawon biki daga Ikeja zuwa Ikorodu da kaya a bayan mota wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ƙato ne kuma ya haura rabin kilo, in ramin gangar ƙarami ne shigar da shi ciki sosai aiki ne, kuma sandar riƙe makirufo mara ƙarfi zata dinga sunkuyawa da shi.

Audix D6 shi kuma an riga an gyara masa sauti tun daga kamfani, ƙasa a ɗage, tsakiya a danne sosai, sama da kaifi. Ka kafa shi kusan ko ina a cikin gangar zaka ji kamar an gama miksin. Ga sabon shiga ko mai aikin gaggawa yana da daɗi, kuma a waya yana fitowa. Matsalarsa ɗaya, sautin nasa ne ba na gangar ba, kusan duk gangar da ka sa masa iri ɗaya zata fito, kuma tsakiyar da ya zubar ba zaka iya dawo da ita da kyau ba. Ga kiɗa mai laushi ban cika son sa ba.

Sennheiser e602 ɗin nan mara nauyi ne, ƙasansa mai zurfi, shi ma ya ɗan danne tsakiya, kuma yawanci kuɗinsa bai kai na sauran ba. Ɗan'uwansa e902 ya fi shi daidaito.

Electro-Voice RE20 asalinsa na gidan rediyo ne, tun 1968, an yi shi ta yadda ko ka matso da shi kusa ƙasansa ba ya kumbura kamar sauran. Sautinsa na gaskiya ne babu ƙari, ga jaz da hailaif da irin kiɗan da na ambata ɗazu yana da kyau matuƙa, kuma gobe ka ɗauki murya ko shirin hira da shi. Tsada ce kawai matsalarsa.

Sai Shure Beta 91A, wannan daban yake, shimfiɗaɗɗe ne, a kan filon da ke cikin gangar ake ajiye shi babu sanda. Kondensa ne da aka yi musamman don wannan aikin, yana buƙatar wutar 48V daga miksa ko sawunkad, akwatin da ke shigar da sauti kwamfuta, yana kama "tak" da sauri sosai, kuma akwai ɗan maɓalli a ƙasansa da ke rage wajen 400 Hz. Shi kaɗai yakan yi ɗan siriri, an fi haɗa shi da wani a bakin rami.

To in babu kuɗin ko ɗaya fa? Shure SM57, ƙaramin dainamik ɗin nan na yau da kullum, in kana da shi zai yi aiki. Ƙasansa yana fara raguwa da wuri, ba zai ba ka girgizar ƙirji ba, amma ka tura shi ciki kusa da fata zai kama bugun tsaf, sai ka ɗan ɗaga 60 zuwa 80 Hz da EQ, abin ɗaga ko rage sassan sauti, ko ka ɗora samfur na kik a ƙarƙashinsa a kwamfuta, abin da mu 'yan fiyano muka riga muka iya. Wannan ya fi ka sayi setin makirufon ganga guda bakwai mara suna mai arha.

Duba kayan da kake da su kafin ka fita

Sawunkad ɗinka kafa nawa gare shi? In biyu ne kacal, to makirufo ɗaya na kik, ɗaya a rataye saman ganguna, kar ka sa ran haɗa biyu a kan ganga ɗaya. Yana ba da 48V? Yana da maɓallin rage ƙarfi, wanda ake rubuta PAD? Kana da gajeriyar sanda mai hannu da gindi mai nauyi? Mutane suna mantawa da kuɗin sandar nan da na waya mai kyau ta XLR, mai ƙusa uku, sai a dawo gida a ɗora makirufo mai tsada a kan bulo.

Wajen saye

Yawancinmu Alaba International da ke Ojo muke nufa, can ne kayan kiɗa suka fi yawa, ka yi sammako saboda cunkoson hanyar Badagry. Akwai kuma shagunan kayan kiɗa a Ikeja da Surulere. Ko ina ka je ka san cewa jabun makirufo masu manyan sunaye sun cika duniya, musamman na Shure da Sennheiser, kuma kwalin da tambarin suna kama da na gaske har ka rantse. In farashin ya yi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, ka bar shi. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, jabu yakan fi sauƙi, ka duba rubutun jiki ko ya karkace, ka duba ƙusoshi uku na wajen soka waya ko suna girgiɗi. Mafi kyau ka je da wanda ya daɗe yana riƙe na asalin, hannunsa ya san shi. Ka nemi rasit, kuma ku yi magana a fili tun kafin ka biya cewa in ka gwada a ganga bai yi ba zaka dawo da shi.

Na hannu, tokumbo, ba laifi ba ne, dainamik na asali yana shekaru yana aiki. Ka sa a soka shi a miksa, ka sa hedifon, ka ɗan girgiza shi a hankali ka ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, ka yi magana da murya mai kauri kusa da shi ka ji ko yana karkarwa. Ka leƙa soson cikin raga, a damshin Legas yakan ruɓe ya zama gari.

Amma shawarar da na fi ba kowa, kafin ka saya ka yi haya ko aro na kwana ɗaya. Masu ba da hayar kayan sauti na biki akan samu D112 ko Beta 52A a wurinsu. Kuɗin hayar kaɗan ne a kan sayen abin da zaka yi nadama.

Gwajin kansa

Ka sa mai ganga ya buga salo ɗaya na kamar daƙiƙa 30, da cikakkun ganguna ba kik kaɗai ba, da ƙarfin da zai buga a waƙar. Ka saita ƙarfin shiga ta yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen -10 zuwa -6 dB, a 24 bit, kar mitar ta taɓa ja, makaɗa suna ƙara ƙarfi in waƙa ta yi daɗi. Kar ka taɓa EQ ko kwamfuresa, mai danne ƙarfin bugu, tukuna.

Kowane makirufo ka gwada shi a wuri uku. Na farko can ciki, kamar inci 2 zuwa 4 daga fatar da ake bugu, yana kallon ɗan gefen inda sanda ke sauka, nan "tak" ya fi yawa kuma sauran ganguna ba sa shigowa. Na biyu tsakiyar gangar, nan ne aka fi samun daidaito. Na uku a bakin rami, nan zurfi da cikar gangar suka fi fitowa, amma nan ne iska take. Ka riƙe ɗan tishu a gaban ramin a taka feda ka ga yadda yake tashi, wannan iskar ce ke bugun makirufo ta ba ka "fuf" a cikin rikodin, kuma in ta shiga ba ta fita. Maganinta ko dai kan makirufon ya wuce ramin ya shiga ciki, ko ka ɗan karkata shi kar ya fuskanci iskar kai tsaye. Ka kuma tabbata sanda ko waya ba ta taɓa bakin fatar.

Matsar da makirufo inci biyu kawai yana canza sauti fiye da yadda kake zato, shi ya sa ban yarda mutum ya yanke wa makirufo hukunci daga wuri ɗaya ba.

Bayan ka ɗauka duka, ka daidaita ƙarfinsu ya zama ɗaya, don kunne kullum yana zaɓar wanda ya fi ƙara ne ko da bai fi kyau ba. Ka ji su tare da bes, saboda kik da bes wuri ɗaya suke zaune, in bes ɗin waƙar mai zurfi ne to kik ya ɗan hau sama, in bes ɗin siriri ne kik ya riƙe ƙasa. Sannan ka tura su wayarka ka ji, ka ji a mota in akwai. Wanda ya tsaya da ƙafarsa a duka wuraren shi ne naka.

In kana da kafa da yawa kana son haɗa biyu, ɗaya ciki don "tak" ɗaya waje don zurfi, misali Beta 91A a kan filo da D112 ko Beta 52A a rami. Manyan situdiyo suna sa Neumann U47 FET a waje, wasu kuma suna juya sifika ta zama makirufo don kama can ƙasa, irin dabarar da Yamaha ta yi Subkick da ita. Sai dai sauti yana tafiyar kusan santimita 34 ne a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka bugun yana isa na ciki kafin na waje, in ka haɗa su sai wani ya cinye wani ƙasan ya ɓace. Ka danna maɓallin juya fes, wanda ke kifar da igiyar sautin, mai alamar Ø, a kan ɗaya, ka ji wanne ya fi cika, ko ka ja layin na wajen a kwamfuta ya daidaita da na cikin. Haka zaka gwada kik da makirufon sama ma.

Abin da ya shafi Legas musamman

Wutarmu 50 Hz take, kuma ƙugin da waya mara kyau ko rashin wayar ƙasa (earth) ke jawowa a daidai nan yake zama, wato cikin zurfin kik ɗinka. In ya shiga ba zaka iya yanke shi ba tare da ka yanke gangar ba. Don haka waya mai ƙusa uku kawai, kar ta kwanta a jikin wayar wuta ko kusa da sitabilaiza da caja, kuma kafin a fara ka ɗaga ƙara a hedifon kowa ya yi shiru ka saurara. Janareta ma haka, ba ƙararsa kaɗai ba, girgizarsa tana bin ƙasa ta hau sanda ta shiga makirufo, har na maƙwabci. Ka shimfiɗa kafet mai kauri ƙarƙashin ganga da sandar, in kana da inbata ka ɗauki ganguna a kanta. In ɗakin ƙarami ne ko titi na kusa, ka fi karkata ga ɗauka daga cikin gangar, ka kuma rufa bargo mai nauyi daga bakin gangar zuwa kan kujera a gabanta ya zama rumfa, yana tare hayaniya da ƙarar faranti sosai.

Da an gama aiki ka cire makirufon daga cikin ganga, kar ya kwana a kan filo, ka goge shi ka mayar jakarsa tare da 'yan ƙunshin nan masu shan damshi da ake samu a kwalin takalmi ko na waya, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba lokacin ruwa, kuma ka dinga canza su in sun jiƙe.